Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba: Yadda Za A Buɗe Hanya A Ƙaramin Zaure

Daga Wakilinmu a Gusau

Duk wanda ya taɓa yin sallama a ƙofar wani gida a Sabon Gari ko Tudun Wada cikin Gusau bayan sallar isha'i, aka yi masa izinin shiga, ya san irin faman da akan yi kafin a ƙetare zaure. Ga babur a gicciye, ga takalma birjik tun daga bakin ƙofa, ga butoci da jarkoki, ga tabarma an yasar da ita ba a naɗe ba, wani lokaci ma har da buhun masara a jingine da bango. Sai baƙo ya tattare rigarsa, ya karkace, ya riƙa laluben inda zai sa ƙafa, maigida kuwa yana ta ba shi haƙuri yana ture kaya gefe.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramin abu ne, bai kai a ɓata takarda a kansa ba. To, amma a tuna cewa yawancin gidajenmu ƙofa ɗaya gare su, kuma ta zaure ake bi. Ta nan akan fito da mai naƙuda da tsakar dare, ta nan akan ɗauko marar lafiya, ta nan iyali za su tsere in gobara ta tashi, ta nan kuma makara za ta fita ranar da ta Allah ta kasance. Saboda haka gyaran zaure ya wuce maganar ado, maganar barin hanya ce. Abin da kuwa ya fi saurin buɗe wannan hanya, ba tare da an rushe bango ba, shi ne kanta mai gurabe, watau kantar da aka raba ta da allunan tsakani, kowane kaya da gurbinsa.

Yadda zaure ya ƙanƙance

A ginin Hausa na asali zaure ba lungu ba ne, ɗaki ne sosai. A nan maigida yake karɓar baƙinsa maza, a nan yake cin tuwon dare tare da maƙwabta, a nan malami yake ba da karatun littattafai, abin da ya sa har yau ake cewa makarantar zaure. Tela da baduku da masaƙi duk a zaure suke sana'arsu. Magina kuma sukan kauce wa daidaita ƙofar waje da ta ciki, domin kada mai wucewa ya hango tsakar gida. A manyan gidaje, bayan zaure akwai fili, sa'an nan shigifa, kafin a kai ga wurin iyali.

Maginan da ba su bar kaya a ƙasa ba. Sukan yi dakali na zama, su fafe alkuki a jikin bango inda ake ajiye fitila, su kafa turaku na rataye jaka da linzami da buzu. Ashe ke nan raba wa kaya mazauni ba baƙon abu ba ne gare mu. Abin da ya faru shi ne, da ginin bulo da siminti ya shigo, sai alkuki da dakali suka ɓace, ba a kuwa kawo abin da zai maye gurbinsu ba.

Ban da wannan, garuruwan sun cika. Gusau ta fara bunƙasa tun sa'ad da layin dogo ya ratsa ta ya kai Ƙaura Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya jawo mutane daga ko'ina. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Gusau tana da mutum fiye da 380,000, Tsafe fiye da 260,000, Bunguɗu kuma fiye da 250,000. An kafa Jami'ar Tarayya a Gusau a 2013, buƙatar ɗakunan haya ta ƙaru. A cikin 'yan shekarun nan kuma rashin zaman lafiya a karkara ya koro iyalai masu yawa daga ƙauyuka zuwa waɗannan garuruwa uku, inda suka raɓa da 'yan'uwa ko suka kama haya.

Sakamakon haka, fegin da a da yake ƙafa 50 da 100 yanzu akan raba shi biyu ko huɗu, gidan gado kuma akan yanka shi tsakanin magada. In wuri ya yi ƙaranci, zaure ne ake fara ragewa. Wani a mayar da rabinsa kanti, wani a mayar da shi ɗakin samari, har ya rage saura wani siririn wuri wanda faɗinsa bai wuce ƙafa 5 ko 6 ba. Wurin ya ragu, masu bi ta cikinsa sun ninku, ga kuma babur wanda kakanninmu ba su san da shi ba, wanda dole ya kwana a ciki don gudun ɓarayi.

Amfanin allon tsakani

Mutane da dama sun riga sun kafa katako ɗaya dogo a bangon zaure suna ɗora kaya a kai. Wannan ya fi babu, amma ba ya daɗewa bai koma juji ba, domin abin da aka ɗora a wannan gefe yakan gangara wancan, babba ya danne ƙarami, mai neman tocila sai ya birkice kome kafin ya same ta. Allon tsakani shi ne guntun katakon da ake tsayarwa tsakanin kanta ta sama da ta ƙasa, ya raba doguwar kanta zuwa ƙananan gurabe.

Amfaninsa na farko shi ne yana sa iyaka. In gurbin takalman yara ya cika, to, an san akwai waɗanda suka mutu ko suka yi kaɗan, sai a fitar da su. Na biyu, yana tallafe katakon da ke samansa. Katako mai kaurin da bai kai inci 1 ba, in ya yi tafiyar da ta wuce ƙafa 3 babu matokari, yakan lanƙwashe a tsakiya da an ɗora masa nauyi. Na uku kuwa, wanda ya fi muhimmanci a gidan haya, yana raba gardama. Zo mu zauna, in ji masu iya magana, zo mu saɓa. Sau da yawa faɗan matan gida kan samo asali daga takalmin yaro da ya ɓace ko buta da aka ɗauka ba izini. In kowane ɗaki yana da gurbinsa, da lamba ko alamar fenti a jiki, an rufe wannan ƙofa.

A auna kafin a saya

Kada a fara da zuwa wurin kafinta. A fara da fitar da dukan abin da ke cikin zaure zuwa garka, kamar yadda Zamfarawa kan kira ƙofar gida, a share, sa'an nan a kasa kayan kashi uku: wanda ake amfani da shi kullum, wanda ake nema lokaci-lokaci, da wanda ba shi da dalilin zama a zaure ko kaɗan. Akasari za a tarar kashi na uku ya fi yawa: tsohuwar taya, karyayyar kujera, kwalaye, ragowar siminti da ya daskare.

Bayan haka sai a auna hanya. Daga ƙofar waje zuwa ta ciki a bar fili wanda faɗinsa bai gaza ƙafa 3 ba, kada a yarda kome ya shiga cikinsa. Wannan shi ne gwargwadon faɗin ƙofar gida ta zamani, shi ne kuma mafi ƙarancin abin da keken marar lafiya ko mutum biyu masu tallafe da wani za su iya bi.

Ga lissafin da ya kamata maigida ya yi. Babur irin wanda 'yan kabu-kabu suke hawa yana da tsawon kimanin ƙafa 6 da rabi, faɗin kansa kuma kimanin ƙafa 2 da rabi. In faɗin zaure ƙafa 6 ne, babur ya ci 2 da rabi, saura 3 da rabi. In aka kafa kanta mai zurfin ƙafa 1 a bangon da ke fuskantar babur, hanya ta koma ƙafa 2 da rabi, watau an gyara an ɓata ke nan. A irin wannan zaure sai a kafa kanta a bango ɗaya da babur, ko dai a gabansa in akwai tsawo, ko a samansa, daga ƙafa 4 da rabi zuwa sama, a bar ɗaya bangon fayau.

Falle ɗaya, gurbi tara

Fallen katakon nan na kamfani da kafintoci suke aiki da shi yana zuwa ne da tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4. In aka tsaga shi a tsaye gida huɗu, za a sami dogaye huɗu, kowane ƙafa 8 da kusan ƙafa 1. Na farko a raba shi biyu, ya zama ƙafafun kanta, kowace ƙafa 4. Na biyu da na uku a raba kowane biyu, a sami shimfiɗu huɗu masu tsawon ƙafa 4. Shimfiɗar ƙasa a ɗaga ta inci 6 daga daɓe, ta sama ta zauna a kan ƙafafun, sauran biyun a raba su daidai a tsakani, sai a sami hawa uku, kowane kimanin inci 13. Na huɗu shi za a yanka guntaye shida, a tsayar da biyu a kowane hawa. Da haka falle ɗaya ya ba da gurbi tara, kowane faɗinsa kimanin inci 15, wanda zai ɗauki takalman manya ƙafa biyu ko na yara uku.

Wanda yake son ya riƙa sauya faɗin gurabe sai ya ce wa kafinta kada ya buga allunan tsakani da ƙusa. A maimakon haka ya kafa siraran katakai biyu-biyu a sama da ƙasa, allon ya riƙa shiga tsakaninsu yana fita kamar aljihun tebur. Yana da kyau kuma a ƙara wani gurbi dogo siriri a gefe, mai tsawon kantar duka, inda za a tsayar da naɗaɗɗiyar tabarma da laima da sandar tsoho.

Inci 6 ɗin da aka bari a ƙasa ba don ado ba ne. Tsintsiya za ta shiga, ruwan da ya kwararo da damina ba zai taɓa katako ba, kunama kuma ba za ta sami maɓoya mai duhu da sanyi ba. Kowa ya san yadda kunama take son kwana cikin takalmin da aka bari a ƙasa.

Wanda ba shi da halin sayen falle kada ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Bulo mai inci 6 in aka tsayar da shi ya zama matokari, ya kuma zama allon tsakani a lokaci guda. A jera uku, a ɗora katako, a sake jera uku, a ɗora wani. Sai dai irin wannan kada ya wuce hawa biyu, domin ba a ɗaure yake ba. Akwatunan katako da kwandunan roba masu girma ɗaya su ma suna yin wannan aiki in aka kwantar da su a gefe, bakinsu yana duban hanya, aka ɗaure su da waya.

Kowane kaya da hawansa

Ƙa'idar jeri ita ce mai nauyi da mai datti a ƙasa, mai tsarki da mai daraja a sama. Hawan ƙasa na takalma ne da butoci, a sa tsohon faranti ƙarƙashin buta don ɗigar ruwa. Hawan tsakiya na yara ne, jakar makaranta da kwanon abinci, inda hannunsu zai kai ba sai sun taka wani abu ba. Hawan sama na maigida ne: tocila, makullai, hular kwano. Tocila dai a ba ta gurbi ɗaya wanda ba ya sauyawa, kusa da ƙofar ciki, yadda ko a cikin duhu kowa zai kai hannu ya ɗauka.

Alƙur'ani da allunan karatu da littattafan addini kuwa ba a haɗa su kanta ɗaya da takalma. A yi musu tasu dabam, can sama, ko da katako ɗaya ne, da allon tsakani a kowane gefe don kada su zame.

Akwai kuma abubuwan da bai kamata a ba su gurbi a zaure ba sam. Na farko shi ne fetur. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, kuma ƙyastun ashana ya isa ya tayar da shi. Wutar da ta tashi a zaure ta rufe ƙofar da iyali za su bi ke nan. Na biyu janareta: kada a tayar da shi a zaure ko da ana ruwa, domin a cikin hayaƙinsa akwai wata guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Na uku maganin feshi da na ɓera, waɗanda wurinsu akwati ne mai kwaɗo, nesa da yara da abinci.

Lalle ne kuma a ɗaure kanta da bango. Yaro yana ganin gurabe sai ya ɗauke su tsani. Wannan haɗari ba a nan kaɗai yake ba. A 2016 kamfanin IKEA, wanda ya yi suna a duniya wajen sayar da kayan ɗaki, ya janye akwatunan tufafi masu aljihu kimanin miliyan 29 a Amurka, bayan da wasu suka rikito a kan ƙananan yara suka yi sanadin mutuwarsu. In wannan ya faru da kayan babban kamfani, to, kantar kafintan unguwa ta fi buƙatar ƙarfe biyu da za su riƙe ta a bango.

Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Buƙatar garuruwan nan uku ba ɗaya ba ce. A Gusau, inda gidajen haya suka yi yawa kuma bangon bulo ne, abin da ya fi dacewa shi ne kanta mai gurbi ɗaya ga kowane ɗaki. Ya kamata mai gida ya ɗauki nauyin yinta, domin ita ma wani sashe ce na gidan, kamar ƙofa da makwararar ruwa. In ya ƙi, 'yan haya suna iya yin karo-karo, su sa a yi musu wadda ake iya kwancewa.

A Tsafe, wadda take kan babbar hanyar Funtuwa zuwa Gusau, magidanta da yawa manoma ne kuma 'yan kasuwa, zaure yakan zama rumbu na wucin gadi da kaka. Buhun hatsi mai kilo 100 ba na kanta ba ne. A yi masa dandamali na katako a kusurwar da ta fi nisa da hanya, a ɗaga shi daga ƙasa, a kuma janye shi kaɗan daga bango saboda danshi da ɓera. Fartanya da lauje da gatari a rataye su a sama da kan yaro, kaifinsu yana duban bango. Gidan da ya sauki 'yan'uwa daga ƙauye kuwa, ba su gurbi nasu a kanta wani nau'i ne na karramawa, domin mutumin da ya baro gidansa ba da son ransa ba yana jin daɗin a nuna masa inda zai ce nan ne wurina.

A Bunguɗu, wadda take yamma da Gusau a kan hanyar Sakkwato, kusa da Gulbin Sakkwato, da sauran wuraren da ginin ƙasa yake da yawa, ƙusa ba ta kama bangon laka sosai, gara kuma ba ta raga wa katako. A nan dabarar kakanni ta fi: in ana yaɓen bango bayan damina, a sa magini ya gina gurabe a jikin dakali, ko ya fafe alkuki biyu ko uku in bangon mai kauri ne, bisa shawararsa, don kada a raunana ginin. In kuwa katako ake so, a shafa masa maganin gara, a ɗora ƙafafunsa a kan dutse ko bulo. Mai walda ma yana iya haɗa ta ƙarfe, wadda ta fi tsada amma ta fi ƙarko.

Akwai darasi guda da ya shafi jihar baki ɗaya, game da kayan aikin da ake dawowa da su daga daji. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sanadin ƙurar duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Ɗaya daga cikin shawarwarin da ma'aikatan lafiya suka bayar shi ne kada ƙurar wurin aiki ta biyo mutum gida a jikin tufafi da takalma. Wannan shawara ta hau kan mai feshin gona kamar yadda ta hau kan mai haƙar ma'adini. Abin da ya fi shi ne a tuɓe a wanke a can wurin aiki. In ba hali, a sa kayan a buhu a ɗaure, a ajiye su a gurbi mai murfi inda yaro ba ya kaiwa.

Ba mu kaɗai ba ne

Ƙarancin wuri ba a kanmu aka fara ba. A ƙasar Japan, inda gidajen birane suke ƙanana ƙwarai, kowane gida yana da ɗan wuri a bakin ƙofa wanda suke kira genkan, daɓensa ya ɗan yi ƙasa da na cikin gida. A nan ake tuɓe takalma, a gefe kuma akwai kabad mai gurabe na ajiye su. Har a makarantunsu kowane ɗalibi yana da gurbin takalminsa. Al'adar tuɓe takalmi muna da ita tun fil'azal, mazaunin takalmin ne muka yi sakaci da shi.

Saura kiyayewa. Kanta ba ta jera kanta. Sai maigida da uwargida sun sa doka, sun kuma fara binta da kansu, a ɗora wa ɗaya daga cikin yara duba zaure kowace yamma kafin magariba, a kuma ware rana ɗaya a wata ta zazzage gurabe. Ya kamata kuma masu unguwanni da limamai da malaman tsafta su riƙa tuna wa jama'a batun barin hanya, musamman da shigowar hunturu, lokacin da gobara ta fi yawaita. Magina da masu zanen gidaje su ma su dawo da alkuki cikin ginin bulo, tun da barin gurbi a bango sa'ad da ake gini ba ya cin kome.

Gaskiya ne shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma baƙo sai ya sami inda zai taka kafin ya ga fuskar. Wanda yake da niyyar wannan gyara ya ɗauki magwaji yau ya auna zaurensa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.